Wa ya ba gwamnati haƙƙin a yi mata biyayya?

Tambayar ta zo daga wani malamin sakandare a Daura, mai koyar da darasin gwamnati. Ga ta a taƙaice: "Malam, ɗalibaina sun tsare ni. Sun ce tun 1999 ake zaɓe a ƙasar nan, amma manomi a Batsari ko Safana ba ya shiga gonarsa sai ɗan bindiga ya yarda. Ga kuma 'yan'uwanmu na Nijar sun fito suna yi wa soja tafi da ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati. To me ke halatta mulki, ƙuri'a ce ko aiki? Shi kuma haƙƙin ɗan'adam ɗin nan, ba kayan Turawa ba ne? Me masana ke cewa yanzu?"

Malam, Allah ya yi wa yaran nan albarka. Kada ka ɗauki tambayarsu ƙuruciya, domin a kanta masana siyasa da na shari'a suke ta kai ruwa rana a 'yan shekarun nan. Ga matsayina tun daga farko. Ƙuri'a ita kaɗai ba ta halatta mulki, aiki ma shi kaɗai bai isa ba. Mulki yana halatta ne gwargwadon yadda wanda aka zalunta yake da ƙofar da zai kai kuka a saurare shi, da gwargwadon yadda jama'a za su iya sauke mai mulki ba tare da an zubar da jini ba. Bari in nuna maka inda na samo wannan.

A littafin da kuke koyarwa da shi za ka tarar da Max Weber, Bajamushen da ya rasu a 1920, da rabe-rabensa uku: mulkin da ake bi don gado ne, da wanda ake bi don kwarjinin shugaba, da wanda ake bi don doka ce ta kafa shi. Ka koyar da shi saboda jarrabawa, amma ka sani an wuce nan. Raunin Weber shi ne ya rataya halacci a kan imanin mutane kawai: idan sun yarda ya halatta, ko da kuwa tsoro ne ko farfaganda ta sa su yardar. A 1991 wani masani ɗan Ingila, David Beetham, ya ce a'a, sai an duba abu uku tare. An sami mulkin ta hanyar ƙa'idar da aka shimfiɗa? Ita ƙa'idar, za a iya kare ta da abin da mai mulki da talaka suka haɗu a kan gaskiyarsa? Akwai abin da jama'a suka aikata a fili da ke nuna amincewarsu, kamar mubaya'a ko jefa ƙuri'a? Amfanin wannan ma'auni shi ne yana nuna maka cewa gwamnati tana iya cin na farko ta faɗi sauran biyun.

Ba sai ka je nesa neman misali ba. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka sauke Sarkin Katsina Yero na gidan Dallazawa, suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa. A shekarar nan kuma, can wajenku Daura, suka mayar da sarauta tsohon gidan da jihadi ya fitar kusan shekara ɗari kafin nan, suka naɗa Malam Musa. Hannu ɗaya ya yi naɗin biyu, amma abin da kowannensu ya tsaya a kai a idon jama'a ya bambanta: ɗaya yana da gado, ɗaya kuma sai da ya gina karɓuwarsa a tsawon mulkin da ya kai 1944. Mahmood Mamdani na Uganda ya nuna a 1996 tabon da wannan tsari ya bari a Afirka. Sarki ya koma mai amsa tambayar Razdan da Di'o maimakon ta talakawansa, ga kotu ga kurkuku ga 'yan doka duk a hannun En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke jagoranta, wanda aka zalunta kuma sau da yawa wurin wanda ya zalunce shi zai kai ƙara. Abin da jam'iyyar NEPU ta tashi yaƙa ke nan tun 1950.

Mu zo kan ƙuri'a. Ma'anar dimokuraɗiyya da ta fi zama a raina ita ce ta Adam Przeworski: tsari ne da jam'iyyu ke faɗuwa zaɓe a cikinsa. Kada gajartar maganar ta sa ka raina ta. Mutanen Daura sun fi kowa sanin nauyinta. Ɗanku Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya tsaya a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, kowane karo kuma a kotu aka ƙare. Talakawa suka riƙe "a kasa, a tsare, a raka", suna kwana a rumfar zaɓe, domin sun yi imani ƙuri'arsu tana iya tuɓe mai mulki. A 2015 shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya buga waya ya amsa kaye tun ba a gama sanar da sakamako ba. Shi ne karo na farko a tarihin Nijeriya da jam'iyya mai riƙe da tarayya ta faɗi zaɓe ta miƙa mulki. Duk abin da mutum zai ce game da shekaru takwas da suka biyo baya, ranar an sauke shugaba babu tankar yaƙi a kan titi.

Ɗaya ɗan jihar nan kuma, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yi abin da ba kasafai shugaba ke yi ba. Ranar 29 ga Mayun 2007, a jawabinsa na karɓar mulki, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahoto a Disambar 2008. Cikin shawarwarinsa akwai a raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe shi kaɗai, a kuma gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Waɗannan biyun ba a aiwatar da su ba. A watan nan na Disamba Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa, alƙalai huɗu cikin bakwai. Doka ta ce ya halatta, shi kuma mai kujerar ya san akwai sauran aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sharaɗin Beetham na uku. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kashi 69 cikin 100 na masu rajista aka ce sun fito. A 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, kusan kashi 27 ne suka fito, wanda ya ci kuma ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79. A doka zaɓen ya tsaya, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a Oktoban 2023, kuma ba batun jam'iyya nake yi ba. Amma idan mutum bakwai cikin goma sun zauna gida, sun faɗi wani abu ko da ba su buɗe baki ba. Wanda ya fito kuma, idan taliya da sabulu da 'yan kuɗi suka fito da shi, ko kauraye suka tsaya masa a kai, yatsan da ya dangwala ba amincewa yake nunawa ba.

Masana sun lura da wannan a duniya baki ɗaya. Nancy Bermeo ta nuna a 2016 cewa dimokuraɗiyya a wannan zamani ta fi mutuwa a hannun zaɓaɓɓu, sannu a hankali, ta hanyar danne kotu da majalisa da 'yan jarida, alhali ana ci gaba da zaɓe a kan lokaci. Akwai masu ja, irin su Andrew Little da Anne Meng, da suka ce idan aka ƙirga abin da ake iya ƙirgawa, kamar yawan shugabannin da ke faɗuwa zaɓe, koma-bayan bai kai yadda ake kururutawa ba. Wannan muhawara ba ta ƙare ba, amma ba ita ce ta fi shafar ɗalibanka ba.

Wadda ta fi shafarsu ita ce ta abin da ke faruwa tsakanin zaɓe da zaɓe. Ka ɗauki mutumin da aka sace wa babur a kasuwa. Ya je caji ofis, ya zauna a benci tun hantsi, aka ce mai rubuta ƙorafi ya fita. Da ya dawo aka ce a kawo kuɗin takarda, sannan na man mota idan ana so a bi sawu. Yana zaune wani ya shigo da babbar riga, aka miƙe masa, aka shige da shi ciki, kafin a jima ya fito an biya masa buƙata. Mai babur bai taɓa karanta kundin tsarin mulki ba, amma a ranar ya yanke wa gwamnati hukunci: ta masu uwa a gindin murhu ce. Tom Tyler ya yi bincike a birnin Chicago na Amurka, ya fitar da shi a 1990, ya gano cewa mutane sun fi bin doka don suna ganin hukuma ta cancanci biyayya, ba don tsoron kamu ba. Wannan gani kuma yana fitowa ne daga yadda aka mu'amalance su: an bar su sun yi magana, ba a nuna son kai ba, an mutunta su. Har wanda shari'a ta kayar yakan karɓa idan ya ga an saurare shi. Bo Rothstein na Suwidin ya ɗora a kai a 2009, ya ce halaccin gwamnati ya fi ginuwa ko rushewa a wurin da ɗan ƙasa ke haɗuwa da ma'aikaci, wato asibiti da kotu da ofishin filaye da shingen hanya, fiye da a akwatin zaɓe. Zaɓe sau ɗaya ne a shekara huɗu, shinge kuwa kullum ne. Na yarda da su ɗari bisa ɗari a kan wannan.

Sai maganar tsaro, kuma a nan ɗalibanka suna da gaskiya mai nauyi. Henry Shue ya rubuta tun 1980 cewa akwai haƙƙoƙi na tushe da babu wani haƙƙi da zai moru sai da su, ya sa tsaron rai da abin sawa a baka a gaba. Bernard Williams, a rubutunsa da aka buga a 2005 bayan rasuwarsa, ya kira samar da tsaro da aminci tambayar farko ta siyasa, wadda ba a zuwa ta biyu sai an amsa ta. Mu ma kundinmu na 1999 ya faɗa a sashe na 14: mulki na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, shugaban ƙasa yana Daura. A ƙauyuka da dama na yammacin jihar, dattawa kan zauna su kasa wa kowane gida abin da zai kawo, a haɗa a kai daji kafin a bari a yi shuka, a sake haɗawa kafin girbi. Uwa ta sayar da akuyarta, magidanci ya jinginar da gonar da ake neman iznin nomawa. Wanda bai ji zafin wannan ba bai kamata ya yi wa kowa lacca a kan dimokuraɗiyya ba.

Wani yaro mai kaifin basira zai tambaye ka bambancin wannan kuɗi da haraji. Mancur Olson ya taɓo batun a 1993, inda ya ce gwamnatoci da yawa sun faro ne daga ɗan fashin da ya daina yawo ya zauna, ya ga gara ya karɓi rabo kowace shekara da ya kwashe duka sau ɗaya. Amsar da za ka ba shi ita ce: haraji doka ce ta ƙayyade shi, wakilanka suka amince da shi, kana iya kai mai karɓarsa ƙara, kana iya sauke wanda ya ɗora shi. Ɗan bindiga kuwa yana sayar maka da kariya ne daga sharrin da shi ya kawo, kuma babu inda za ka ɗaukaka ƙara. Amma ka gaya masa sauran gaskiyar: idan hukuma tana karɓa ba ta karewa, ba ta kuma saurare, bambancin yana dusashewa a idon manomi, kuma wannan ne haɗarin da ya fi kowanne girma.

Williams bai tsaya a tsaro ba. Ya ce maganin kada ya zama wani ɓangare na cutar, kuma dole hukuma ta iya kare ikonta a gaban kowane mutum da take iko da shi. Ina goyon bayan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, domin ɗan gari ya fi baƙo sanin daji. Amma masu binciken rikicin nan, ciki har da Murtala Ahmed Rufa'i na jami'ar Sakkwato da ya bi diddiginsa a Zamfara, sun nuna cewa kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani ba tare da shari'a ba yana cikin abin da ya hura wutar. Makiyayin da aka kashe wa ɗan'uwa a kasuwa, ya rasa inda zai kai ƙara, shi ma ƙofa aka rufe masa. Wannan ba ya wanke ɗan bindiga ko kaɗan. Yana dai nuna cewa haƙƙin a gurfanar da mutum kafin a hukunta shi wani ɓangare ne na tsaron kansa.

Yanzu Nijar. Cibiyar Afrobarometer, mai tambayar ra'ayin talakawan Afirka da harsunansu, ta fitar da rahoto a 2024 daga ƙasashe 39. Kashi 66 cikin 100 sun ce sun fi son dimokuraɗiyya da kowane irin mulki. Amma kashi 53 sun ce za su iya lamunce wa soja ya karɓa idan zaɓaɓɓu suka ci amanar mulki don son ransu. Ni abin da na karanta a ciki shi ne mutane ba su ƙi zaɓe ba, neman hanyar sauke azzalumi suke yi, idan akwati ya kasa sai su waiwayi bariki. Tafin da aka yi a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 yana da dalilai na gaske: gajiya da Faransa, da rashin tsaro, da 'yan siyasa da suka yi nisa da jama'a. ECOWAS ma ta zubar da nata mutuncin. Ta yi shiru da Alpha Condé na Gini ya yi wa tsarin mulki kwaskwarima ya zarce karo na uku a 2020, sannan ta zo ta rufe iyaka aka yanke wa Nijar wuta. Wanda ya ga manyan motoci jere a Jibiya da Kwangwalam, kayan gwari suna ruɓewa, dangi sun kasa zuwa jana'izar dangi, ya san wa takunkumin ya kama.

Amma ka sa yaran su bi labarin har gaba. An tsare hamɓararren shugaba Bazoum ba tare da shari'a ba, kotun ECOWAS ta ce a sake shi a Disambar 2023, ba a sake shi ba. A Maris na 2025 aka rantsar da jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, na shekara biyar, aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa. Mali ma ta rushe nata a Mayun shekarar. Tambayar da za ka yi musu ita ce: idan gobe mutumin Maraɗi ya ga sojan bai cika alkawari ba, ta wace hanya zai sauke shi? Mu nan mun riga mun ɗanɗana. An yi murna ranar 31 ga Disambar 1983 da juyin mulki ya ɗora Buhari, cikin 'yan watanni dokar soja mai lamba 4 ta kai 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku. Shi kansa Buhari ya tsaya a Landan a Fabrairun 2015 ya kira kansa tsohon shugaban soja da ya rungumi dimokuraɗiyya. Katsinawa kuma ba su manta ba cewa Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki ya cika a Disambar 1997, babu kotun da ta iya fito da shi.

Ba zan ce maka zaɓe yana cika ciki ba. Amartya Sen ya shahara da cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasa mai 'yanci da ke da zaɓe da 'yan jarida masu bakin magana, domin shugaba yana tsoron ranar hisabi. Masu sukarsa sukan kawo yunwar da ta kama yankin Maraɗi a 2005 a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnatin Tandja, wanda ya musanta cewa akwai ta. Shi ma Sen ya amsa cewa zaɓe bai cika maganin yunwar yau da kullum ba, irin wadda ke cika cibiyoyin yara masu tamowa a jihar nan. Binciken Christian Davenport da David Armstrong na 2004 ya ƙara haske: dimokuraɗiyya ba ta rage cin zalin hukuma sai ta kai wani mataki mai nisa, ƙasa da shi kuwa bambancin ba ya bayyana. Abin da yaranka suka gani da idonsu ke nan. Sun taso cikin zaɓe da babu ƙaƙƙarfar kotu da majalisa a bayansa, aka ce musu sunansa dimokuraɗiyya.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Gaskiya ne ranar 10 ga Disambar 1948 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan'adam, Nijeriya tana hannun Ingila, kuma daga Afirka Masar da Habasha da Laberiya ne kawai suka jefa ƙuri'ar amincewa. Makau Mutua na Kenya ya yi suka mai zafi a 2001, ya ce ana ba da labarin ne kamar akwai dabbobin mutane, da waɗanda suke zalunta, da Bature mai ceto. Abin da duniya ta gani a Gaza ya ƙara wa masu wannan suka hujja. Ban ga laifin matashin da ya ji ƙyamar fuska biyu ba. Amma munafuncin mai wa'azi ba ya soke haƙƙin wanda ake duka. Kuma Afirka ta rubuta tata yarjejeniyar a 1981, Nijeriya ta mayar da ita dokar cikin gida a 1983.

Wanda ya fi taimaka mini a nan shi ne Abdullahi Ahmed An-Na'im, masanin shari'a ɗan Sudan. Ba duk ra'ayinsa malamanmu za su karɓa ba, amma ya kama wani abu: haƙƙi ba ya kafuwa a cikin al'umma sai mutanenta sun same shi a cikin abin da suka riga suka yi imani da shi, sun yi muhawararsa da bakinsu. Mu kuwa ba hannu rabbana muka zo ba. Shehu Usmanu ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, kamuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne musamman don Ummarun Dallaje, sarkin Katsina na farko bayan jihadi, ya ɗora masa kula da manoma da maƙera da marina da mahauta, da gina ganuwa da gyara kasuwa da hanya. Kada dai mu yi wa tarihi kwalliya. Waɗannan wajibai ne a kan sarki, ba haƙƙoƙin da talaka zai kai kotu ya karɓa ba, akwai bauta a wancan zamani, matan Arewa kuma ba su sami ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Amma tushen yana nan: mai mulki abin tambaya ne.

Jihar nan ta ga wannan a aikace. A Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa bisa zargin zina, saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu, ta Funtuwa ta tabbatar a Agusta. Takardun koke suka yi ta kwararowa daga ƙetare, wasu cike da kurakurai da cin fuska, har ƙungiyar mata ta BAOBAB ta roƙi a dakata domin suna ƙara dagula al'amarin. Ranar 25 ga Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina, alƙalai huɗu cikin biyar, ta soke hukuncin. Da me? Da cewa alƙali ɗaya ya zauna inda doka ta ce uku, da cewa mai iƙirari yana da damar janyewa, da kuma hukuncin kwantaccen ciki na mazhabar Malikiyya. Lauyoyi 'yan ƙasa da littattafan fiƙihu suka kuɓutar da ita, saboda akwai kotu a saman kotu. Beth Simmons ta sami irin wannan a babban bincikenta na 2009: yarjejeniyoyin haƙƙi sun fi aiki a ƙasashen da ke tsaka-tsaki kamar tamu, inda 'yan ƙasa ke ɗaukarsu su shiga kotu da su.

Inda nake ganin sukar ta fi kama mu shi ne batun talauci. Samuel Moyn ya ce a 2018 harkar haƙƙin ɗan'adam ta bunƙasa a daidai lokacin da tazarar mai kuɗi da talaka ke faɗaɗa, ba ta kuma iya taɓa ta ba. Kundinmu shaida ne. Babi na huɗu, mai haƙƙin rai da mutunci da faɗar albarkacin baki, ana kai ƙara a kansa. Babi na biyu, mai ilimi da lafiya da abin rayuwa, sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi. Ɗan Musawa, Dakta Yusufu Bala Usman, tare da Segun Osoba, sun ƙi sa hannu a daftarin tsarin mulki na 1976, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye da ke neman irin waɗannan haƙƙoƙi su zama abin da talaka zai nema a kotu. Gwamnatin soja ta lokacin ta yi watsi da shi. Sai a 2010 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta ce ilimin farko haƙƙi ne na kowane yaro ɗan Nijeriya da ake iya nema a shari'a. Masu kiran a ƙirƙiro dimokuraɗiyya irin ta Afirka, kamar yadda Obasanjo ya yi a Abekuta a 2023, ina sauraronsu da sharaɗi ɗaya: su nuna mini inda talaka zai kai ƙara a cikinta, da yadda zai sauke shugaba.

A aji kuwa, ka ba su abin da za su riƙe a hannu. Ka kai musu sashe na 35 na kundin tsarin mulki su karanta da kansu: wanda aka kama dole a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da diyya da neman gafara a bainar jama'a. Ka gaya musu dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Sannan ka tura su ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Jihar nan tana da 34. Kason da kowace ke samu daga asusun tarayya ana buga shi kowane wata. Su nemo na Daura ko Mai'aduwa ko Sandamu, su rubuta wa kansilan mazaɓarsu takarda cikin ladabi suna tambayar abin da aka yi da shi a unguwarsu, su ajiye kwafi, su rubuta ranar da suka kai.